Sanarwar Bayan Taro Kan Ajiye Jinin Cibiyar Jarirai Domin Magani

Ƙungiyarmu ta iyayen yara masu sikila, tare da ungozomomi da ma'aikatan jinya da ke cikinta, ta yi taro a Kano kan batun ɗiban jinin cibiyar jariri a ajiye shi domin magani nan gaba. Likitocin jini da na yara da na mata sun halarta bisa gayyata, haka ma malaman addini da masana shari'a. Dalilin kiran taron shi ne yawan tambayar da iyaye ke kawo mana a 'yan kwanakin nan. Wasu sun ga talla a waya, wasu an miƙa musu takarda a wajen awo, wasu kuma 'yan'uwa ne daga waje suka ce kada su kuskura su haihu ba su ajiye ba. Tambayar kusan iri ɗaya ce: in na biya aka ajiye, ɗana zai warke? Ga abin da taro ya fahimta, da matsayar da ya ɗauka.

Abin da likitoci suka bayyana

Bayan an haifi jariri an yanke cibiya, akwai ragowar jini a cikin igiyar cibiyar da mabiyiya. A cikin wannan jini akwai ƙwayoyin da suke haifar da jini, irin waɗanda suke cikin ɓargo. Kamar irin shuka suke, in an sa su a jikin wanda ɓargonsa ya lalace sai su zauna su fara fitar da sabon jini. Wata ungozoma daga cikinmu ta nuna yadda ake ɗiba: ana goge igiyar da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a soka allura a babbar jijiyar da ke cikinta, a sauke jakar jini ƙasa da gado, jinin ya riƙa gangarawa da kansa na 'yan mintoci. Abin da ake samu bai cika wuce rabin kofin shayi ba. Wajen ɗibar nan ba a taɓa jikin uwa, ba a taɓa jikin jariri, babu wanda yake jin zafi. Daga nan dole jakar ta isa ɗakin gwaji cikin kimanin awa 48, a ƙirga ƙwayoyin, a gwada jinin uwar don cutar ƙanjamau da ciwon hanta da sauransu, sannan a daskarar da shi a tulun ruwan naitirojin mai sanyin da ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri. Bincike ya nuna wanda aka adana yadda ya kamata yana iya haura shekara 20 da ransa.

Taro ya yarda cewa wannan magani ne na gaskiya. A shekarar 1988 aka fara yin sa, a asibitin Saint-Louis da ke Faris, inda Farfesa Eliane Gluckman ta yi wa wani yaro ɗan Amurka mai shekara 5 dashe da jinin cibiyar ƙanwarsa. Yaron yana da ciwon lalacewar ɓargo na gado da ake kira Fanconi, kuma Hal Broxmeyer na Jami'ar Indiyana ne ya adana jinin kafin a kai shi Faransa. Yaron ya warke ya girma. A 1992 Pablo Rubinstein ya kafa ma'ajiyar jama'a ta farko a Cibiyar Jini ta New York. Daga lokacin zuwa yau an yi irin wannan dashe sama da sau 40,000 a duniya, galibi ga masu sankarar jini, da masu lalacewar ɓargo, da yaran da aka haifa da raunin garkuwar jiki.

Ma'ajiyar iri biyu ce, kuma a nan mutane suke ruɗewa. Akwai ta jama'a, inda uwa take ba da jinin sadaka, a rubuta shi a kundi, duk marar lafiyar da ya dace da shi a ba shi. Akwai kuma ta 'yan kasuwa, inda iyali suke biyan kuɗin ɗiba, sannan su riƙa biyan kuɗin ajiya duk shekara, jinin ya zama nasu su kaɗai. Tallan da ke yawo a wayoyinmu na kashi na biyun ne.

Inda maganar ta shafi sikila

A nan taro ya fi daɗewa, domin nan ne ciwonmu yake. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila. Ana ƙiyasta jarirai kimanin 150,000 ake haifa da ita duk shekara, kuma kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da rabin ƙwayar, wato AS. Duk wanda ya kwana a bakin gado yana danna wa ɗansa ƙafa yaron yana kuka, in aka ce masa ga hanyar warkewa, zai sayar da abin da ya mallaka. Saboda haka ne muke son a ji wannan magana da kyau.

Jinin cibiyar yaron da aka haifa da SS, wato cikakkiyar sikila, ba zai warkar da shi ba. Ciwon a cikin halittarsa yake tun daga ciki, ƙwayoyin da ke jinin cibiyarsa suna ɗauke da shi kamar yadda ɓargonsa yake ɗauke da shi. In aka mayar masa da su, sikila za su sake haifarwa. Haka abin yake ga sauran cututtukan gado, har ma da sankarar jinin yara, inda likitoci sukan guji jinin yaron kansa don gudun kada tushen cutar ya riga ya shiga. Duk mai tallan da ya ce wa iyayen mai sikila su ajiye jinin yaron don a yi masa dashe da shi, ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuma ya sani ya ɓoye.

Wanda yake amfani shi ne jinin cibiyar ƙane ko ƙanwa, kuma da sharaɗi biyu. Na farko, jaririn ya zama AA ko AS. Na biyu, jikinsa ya dace da na marar lafiyan a gwajin da ake kira HLA, wanda ba shi da alaƙa da rukunin jini na A da B da O da muka saba ji. Tsakanin shaƙiƙai, uwa ɗaya uba ɗaya, damar cikakkiyar dacewa 1 ce cikin 4. Likitan jini ya yi mana lissafin a kan allo, kuma muna so kowane mamba ya riƙe shi: in miji da mata duka AS ne, a cikin kowane ciki 16, ana sa ran 4 su zo da SS, 12 su tsira, kuma a cikin 12 ɗin nan 3 ne kawai za su dace da yaron da ke jinya. Ma'ana, a kowane ciki, damar sake haifar mai sikila ta fi damar haifar wanda zai ba da magani. Don haka taro ya yi kakkausar magana kan a riƙa matsa wa mace ta yi ta haihuwa wai ko a dace. Wata uwa daga cikin mambobinmu ta ba da labarin yadda dangin miji suka riƙa yi mata wannan magana alhali tana fama da jinyar yara biyu, kuma da ta gama babu wanda ya iya cewa uffan na ɗan lokaci.

An yi tambaya kan 'yan uba, tunda gidajenmu da yawa na mace fiye da ɗaya ne. Amsar ita ce ɗan kishiya da wuya ya yi cikakkiyar dacewa, domin rabin gadon ne kawai suka haɗa. A gidajen da ake auren zumunci kuwa, akan dace a samu wanda ya yi daidai a cikin dangi na kusa, don haka likita yakan faɗaɗa gwajin.

In an samu shaƙiƙin da ya dace, sakamakon yana da kyau. Wani nazari da aka buga a 2017 kan masu sikila 1,000 da aka yi wa dashe daga shaƙiƙansu ya nuna sama da kashi 90 cikin 100 suna raye babu sikila bayan shekara 5, kuma ƙananan yara sun fi manya samun nasara. Sai dai dashen ba ƙarin jini ba ne da za a yi da safe a koma gida da yamma. Sai an ba yaro magunguna masu ƙarfi sun kashe ɓargonsa, ya yi makonni a killace ba shi da garkuwa, yana iya rasa haihuwa, sabon jinin yana iya yaƙar jikinsa, kuma akan rasa rai. Jinin cibiya yana da sauƙi ta fuskar wannan yaƙin, amma yana jinkirin kamawa, kuma ƙwayoyinsa kaɗan ne: jaka ɗaya takan ishi ƙaramin yaro, ba ta cika isar babba ba. Jinin cibiyar bare kuwa, ga masu sikila, jiki yakan ƙi karɓarsa sau da yawa.

Akwai maganar da ta kwantar wa mutane da yawa hankali a zauren, muna so ta isa ga waɗanda ba su zo ba. Wanda ya haihu bai ajiye jinin cibiya ba, bai yi asarar komai ba. Ƙanen da ya dace yana nan, in ya ɗan tasa ana iya ɗibar ɓargonsa a yi dashen da shi, kuma ɓargon nasa yana mayar da kansa. Yawancin dashen da aka yi wa masu sikila a duniya da ɓargo aka yi. Haka aka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, ƙarƙashin Nosakhare Bazuaye, wanda shi ne dashe na farko a ƙasar nan, haka kuma a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, wanda ya fara nasa a 2024 tare da Gidauniyar Sikila ta Nijeriya. Kada wata uwa ta zauna tana cizon yatsa a kan abin da aka riga aka binne.

Ajiyar 'yan kasuwa

Ga iyalin da babu mai irin wannan ciwo a cikinsu, taro bai ga dalilin biyan kuɗin ajiya ba. Damar da yaro zai buƙaci jinin cibiyarsa ƙarama ce ƙwarai, kuma in ya kamu da ciwon da ke buƙatar dashe, galibi na wani za a nema. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta faɗi haka a matsayarta ta 2017, inda ta fifita ma'ajiyar jama'a. Faransa, inda aka fara wannan aiki, ba ta yarda da ma'ajiyar 'yan kasuwa a ƙasarta ba. Jerin cututtukan da ake bugawa a takardun talla, irin su galahanga da shanyewar ƙwaƙwalwa da ciwon suga, har yanzu a matakin gwaji suke, ba a tabbatar da su a matsayin magani ba. Ana kiran abin inshora, alhali inshora ita ce take biya maka kuɗin magani. Wannan ajiya ba ta biyan ko kwabo daga kuɗin dashe, wanda shi ne babban nauyin.

Sai maganar amana. Abin da aka sa a tulun naitirojin, mai shi ba ya iya leƙawa ya ga ko yana nan lafiya. A 2023 ma'aikatar lafiya ta Singafo ta gano cewa tuluna 7 cikin 22 na kamfanin Cordlife sun yi ɗumi fiye da ƙa'ida, jaka kimanin 2,200 suka lalace a tulu ɗaya, iyaye kuma suna ta biyan kuɗi ba su sani ba. A 2019 kamfanin Cryo-Save, ɗaya daga cikin manya a Turai, ya durƙushe, aka kwashe ajiyarsa zuwa Folan, iyaye suka yi ta neman inda nasu yake. In haka ta faru inda wuta ba ta ɗaukewa kuma hukuma tana bincike, wajibi ne mu yi tambaya sau biyu a nan. Wanda kuma za a ce masa za a tura jinin wata ƙasa, ya tambayi wa ya ba da izinin fitar da shi, da yadda za a dawo da shi ranar buƙata.

Abin da ungozomomi suka tsaya a kai

Ungozomomin da ke cikinmu sun ɗaga wata magana da ba a sa ta a takardun talla. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a matse cibiya kafin minti 1 da haihuwa, a jira minti 1 zuwa 3, domin jinin da ke cikin mabiyiya ya gangara jikin jariri. Wannan jinin ne yake ƙara masa sinadarin ƙarfe na watanni, ya kare shi daga ƙarancin jini, kuma bakwaini sun fi kowa buƙatarsa. To amma duk jinkirin da aka yi, abin da zai shiga jaka yana raguwa. Ashe akwai abin da zai ja mai ɗiba ya yi gaggawar matsewa don jakarsa ta cika. Taro ya tsaya a kan cewa jaririn da aka haifa shi ya fi kowa haƙƙi da jininsa. Inda ƙarancin jini ya yi wa yaranmu katutu, ba za mu yarda a rage masa abin da tabbas zai amfane shi yau saboda abin da mai yiwuwa ne ba za a taɓa buɗewa ba.

Sun kuma tuna mana inda ake haihuwar. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa kimanin kashi 16. Ga mafi yawan matanmu, abin da ya shafi cibiya shi ne sabuwar reza, zare mai tsabta, da man kilohekzidin da ake shafawa a kan cibi maimakon gashi da tsumma ko sa toka da man goge haƙori. Waɗannan ne suke raba jariri da ruɓewar cibi da tsinkau-tsinkau.

Ta fuskar addini da al'ada

Dattawa sun nuna damuwa kan mabiyiya, wadda a al'adarmu ake wanke ta a binne da mutunci, ba a barin ta a hannun kowa. An bayyana musu cewa jinin kawai ake zuƙa, mabiyiyar da igiyar ana miƙa wa iyali su binne kamar kullum. Malamai sun kawo hukuncin Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a zamanta na 17 da aka yi a Makka a 2003, wanda ya halatta amfani da irin waɗannan ƙwayoyi daga mabiyiya da igiyar cibiya don magani, da sharaɗin izinin iyaye. Sun ƙara da cewa halaccin magani bai halatta yaudara a ciniki ba, kuma sayar wa mutum fatan da aka san babu shi cin dukiyarsa ne da ɓarna. Masana shari'a sun nuna cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta yardar mutum kafin a ɗebi jini ko wani sashe na jikinsa. Taro ya ƙara da cewa takardar da aka miƙa wa mace tana kan gwiwa ta sa hannu ba yarda ba ce.

Matsaya da kiraye-kiraye

An yi saɓani kan ko mu nemi gwamnati ta kafa ma'ajiyar jama'a. Wasu sun ce ya kamata, domin baƙar fata sun fi kowa wahalar samun wanda ya dace da su a kundayen duniya, kuma masu sankarar jini a ƙasar nan za su amfana. Wasu sun ce asibitin da yake neman jaka ɗaya ta jini ga mai naƙuda da tsakar dare bai kai ga wannan ba tukuna. An tsaya a tsakiya. Abin da muke nema yanzu shi ne ƙaramin shiri na ajiyar shaƙiƙai, a jikin cibiyoyin da suke yin dashe, inda uwar da take da ɗa mai sikila ko sankarar jini kuma take da ciki za a ɗebi jinin cibiyar jaririnta kyauta ko da rangwame. An fara irin wannan a asibitin yara na Oakland da ke Amurka a 1998. Babbar ma'ajiya ta biyo baya, in an ga ƙaramar ta tsaya da ƙafarta.

Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Hukumar Kula da Jini ta Ƙasa, wadda dokar 2021 ta kafa, su fitar da ƙa'ida a rubuce kan wanda ya cancanci ɗiba da ajiya, a riƙa duba tulunan ba tare da sanarwa ba, a kuma fayyace makomar ajiyar mutane in kamfani ya rufe. A hana talla a ɗakin awo da ɗakin haihuwa. Ma'aikacin lafiyar da yake karɓar la'ada kan kowace mace da ya kawo, ya faɗa mata haka kafin ya ba ta shawara, ko kuma ya bari.

Ga gwamnatocin jihohi, muna roƙon kada wannan magana ta ɗauke hankali daga abin da yake ceton rai da kuɗi kaɗan: gwajin sikila ga kowane jariri, allurar rigakafi, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da cutar huhu, hoton jijiyoyin kai da ke nuna yaron da shanyewar ɓarin jiki ke barazana gare shi, da maganin haidiroksiyuriya. A nan Kano, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala, aka yi binciken da ya nuna wannan magani yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga yaranmu. Abin takaici ne a ce an gano haka a garinmu amma uwa tana tsallake wata ba ta saya ba saboda tsada. Muna yaba wa dokar gwajin lafiya kafin aure da Jihar Kano ta sa wa hannu a 2024, muna kuma neman a tsaurara kan ɗakunan gwajin da suke ba da sakamakon jabu ko na kuskure.

Ga iyaye 'yan'uwanmu: wadda take da yaro mai sikila kuma take da ciki, ta yi magana da likitan jinin da yake duba yaron tun cikin yana wata huɗu ko biyar, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ta tambaya ko yaron nata yana cikin waɗanda dashe ya dace da su, a ina za a yi, nawa ne duka har da jinyar bayan dashe. In amsoshin nan ba su samu ba, kada a sayar da fili ko gona don kuɗin ajiya.

Taro ya naɗa kwamiti da ya ƙunshi likitan jini, ungozoma, malami da iyaye biyu, ya rubuta taƙaitaccen bayani da Hausa, a boko da ajami, da kuma na murya don waya da rediyo, a raba a asibitocin sikila da wuraren awo kafin ranar sikila ta duniya, 19 ga Yuni. Kwamitin zai kai wannan sanarwa ga ma'aikatun lafiya da cibiyoyin dashe, ya kawo rahoton abin da suka ce a taro mai zuwa. Mamban da aka tallata wa ajiya ya kawo takardar ga sakatariya kafin ya biya komai, za a haɗa shi da likita ya duba masa kyauta.

An rufe taro da addu'a ga yaranmu da suka riga mu gidan gaskiya, da neman sauƙi ga waɗanda ke kwance.

Sa hannu:
Shugaba
Sakatariya
A madadin mahalarta taro